Kaset ɗin Baba Malam zuwa cikin waya: littafin aiki

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan littafi ne don kaina ya fara cin amanata. Abin da na gwada makon jiya ma har na manta wanne ya yi, wanne bai yi ba. Aikin dai shi ne karatun zaure na kakanmu Baba Malam, Allah ya jiƙan shi, wanda almajiransa suka riƙa ɗauka a kaset a gidanmu na Rafindadi, cikin birnin Katsina. Ina so in mayar da shi manhajar Android kafin azumi. Kaset 94 ne cikin adaka. Yaya ya juye su a kwamfuta shekara uku da suka wuce, ya bar su MP3 mai 128 kbps (kilobit 128 a daƙiƙa). Na haɗa tsawonsu, awa 130 da 'yan mintuna, nauyinsu GB 7.5.

Lissafin ba wuya. Kilobit 128 a daƙiƙa kilobait 16 ke nan, minti ɗaya ya kusa MB 1, awa ɗaya MB 57.6. Na ɗauki karatun littafi ɗaya kacal, awa tara, na cusa cikin manhajar don in gani. APK, wato fayil ɗin da ake sa manhaja a waya da shi, ta fito MB 530. Google Play kuwa ba ya karɓar gangar jikin manhaja da ta wuce MB 200 wajen saukewa. Ko littafi ɗaya bai shiga ba, balle sauran.

Litinin, 6 ga Janairu

Na ɓata yini ina matse fayilolin da zip. MB 520 ya koma 514. MP3 ƙuli-ƙuli ne, an riga an tatse mai, duk ƙarfin hannunka ba abin da zai ɗigo.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na je Sabuwar Unguwa gaida Gwaggo, na roƙi wayarta in duba. Ita ce ta fi kowa matsa mani a kan aikin nan, don haka wayarta ce ma'auni. Ƙaramar Android Go ce mai GB 32. Abin da ya rage a ciki MB 870. WhatsApp shi kaɗai ya cinye GB 11: bidiyon biki, wa'azi, hotunan barka da Juma'a na shekara biyu, sautin murya na ƙungiyar matan Islamiyya da ba wanda zai sake saurare.

Na ce, "Gwaggo, in share maki wasu daga cikin bidiyon nan?"

Ta ce, "Kada ka taɓa mani komai. Akwai sunan jikata ciki. Kai dai sa mani muryar Baba, in ba ta shiga ka ce ba ta shiga."

Na dawo gida da wani lissafi dabam. Iyakar Google ba ita ce damuwata ba. Ko da sun ce in ɗora GB 10, wayar Gwaggo MB 870 gare ta, kuma gobe za a ƙara turo mata bidiyo. Na rubuta a bangon littafin nan: manhaja kada ta wuce MB 20, kowane darasi kada ya wuce MB 5.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka yi gwajin murya, kuma shi ne mafi amfani tun da na fara.

Na yanki minti biyar daga kaset mai kyau da minti biyar daga mai ƙara, na mayar da su Opus, wani tsarin matse sauti kamar MP3, da manhajar ffmpeg. Opus an ƙera shi ne da maganar ɗan Adam a rai, kuma Android na iya karanta shi tun daga 5.0. Na haɗe layin dama da na hagu ya zama ɗaya, tunda mutum ɗaya ne ke magana gaban rikoda ɗaya. Ajiye layi biyu asara ce kawai. Na fitar da kala huɗu: 32, 24, 16 da 12 kbps. Awa ɗaya a 32 MB 14.4 ce, a 24 MB 10.8, a 16 MB 7.2.

Kunnena ya ce 16 ta wadatar. Sai na kai wa Kawu, wanda ya yi shekara goma sha zaune gaban Baba Malam. Ban faɗa mashi wacce ce wacce ba, na kunna su a lasifikar waya, don da ita mutane za su saurara, ba da abin kunne mai tsada ba. Ta 12 bai bari ta kai minti ɗaya ba. Ta 16 ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Hausar ta fita, ɗana, amma Larabcin ya cakuɗe. Sin da sadi sun zama abu guda. Malam kuwa dukan allo yake in ka haɗa su." Na sake saurare, gaskiyarsa. Haruffan da ke da huci su ne farkon abin da matsewa ke lalatawa, kuma shuuu ɗin kaset yana zaune daidai inda suke. Tsakanin 24 da 32 ya ce bai ji bambanci ba. Na tsaya a 24. Awa 130 za ta koma GB 1.4.

Daga nan sai na yi zalama. Na ce bari in cire ƙarar kaset gaba ɗaya da manhajar gyaran sauti ta Audacity, na ja ma'aunin har ƙarshe. Ƙara ta tafi, amma Baba Malam ya koma kamar mai magana daga cikin randa. Kawu ya yi dariya har da tari. Na dawo da shi kaɗan-kaɗan, na bar 'yar ƙara. Kaset ne, a bar shi ya yi kama da kaset.

Abu ɗaya da ke damuna: daga MP3 nake juyawa, ita kuma ta riga ta zubar da wani abu na muryar, yanzu Opus ta ƙara zubarwa. Daidai shi ne a koma kan kaset a ɗauko WAV, wato sautin da ba a matse ba. Amma kaset ba ya gudu, awa 130 awa 130 ce, kuma WAV mai layi ɗaya na cin kusan MB 318 a awa, wato sama da GB 41. Ba kafin azumi ba. Na ware kaset bakwai mafi muni, su kaɗai zan sake ɗauka.

Talata, 14 ga Janairu

Rikodar Yaya bel ɗinta ya tsinke. Mai gyaran rediyo ya sa wani, N1,500. Wayar jona sauti N1,200. Babu wuta tun safe, man janareta lita biyu N2,100. Kaset biyu kawai na ɗauka. Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, sai da na goge kan rikodar da auduga sau uku.

Juma'a, 17 ga Janairu

Yanka. Kowane gefen kaset minti 45 ne, kuma darasi bai san da wannan ba: wani ya fara a tsakiyar gefen farko ya ƙare a kaset na gaba. Na zauna da Kawu dare uku muna sa alama inda Malam ya buɗe da bismilla da inda ya rufe da "wallahu a'alamu". Na cire shiru, da wurin da aka manta rikoda a kunne aka tafi salla, da wani wuri da aka ɗauki labaran rediyo a kan karatu (wanda ya yi wannan Allah ya yafe mashi, darasi ɗaya da rabi ya tafi). Saura awa 118, darasi 354, kowanne wajen minti 20, MB 3.6. Duka GB 1.27.

Akwai abin da ban cire ba. A kaset na 31 an ji zakara, an ji mai tallan fura, sannan Malam ya dakata ya ce wa wani yaro ya sauka daga kan katanga. Kawu ya ce babana ne yaron. Daƙiƙa 40 ce, kilobait 120. Na bar ta.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya yanke mani gardamar da nake yi da kaina. Ba za a riƙa sauraro kai tsaye daga intanet ba, don mai maimaita darasi sau biyar zai biya sau biyar. A sauke sau ɗaya, a ajiye. Kuma kafin mutum ya danna, ya ga nauyin darasin a rubuce ƙuru-ƙuru.

Na karanta tsarin Play Asset Delivery, wanda ke ba ka damar ajiye manyan fayiloli a wurin Google, manhaja ta riƙa ɗauko su idan an buƙata. Yana da kyau, amma ga wanda ya sauke manhajar daga Play Store yake aiki. Mutanenmu kuwa da Xender suke karɓar manhaja daga wayar maƙwabci. Na bar shi. Na ɗora darussan a Cloudflare R2, wata ma'ajiyar fayiloli a intanet, tunda GB 10 na farko kyauta ne kuma ba sa cajin abin da mutane suka sauke. Ɗorawar da datar dare na yi ta, dare biyu, N1,000.

Juma'a, 24 ga Janairu

Rajistar Play Console, inda ake ɗora manhaja a Play Store, dala 25 ce, sau ɗaya. Katina na naira bai wuce ba, sai da wani abokina ya biya da katin dala, na ba shi N40,500. Sabon asusu na mutum ɗaya dole ya yi gwajin rufe, wato na waɗanda aka gayyata kaɗai, da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi fitar da manhaja ga kowa. Na fara bin 'yan uwa ina karɓar adireshin Gmail. Rabinsu ba su san suna da shi ba, mai shagon waya ne ya buɗe masu ranar da suka sayi wayar.

Talata, 28 ga Janairu

Ranar baƙin ciki. Na tura wa ɗan Kawu da ke Jibiya manhajar ya gwada, don sabis ɗin can ba kamar na cikin gari ba ne. Ya kira ni da la'asar ransa a ɓace. Darasi ɗaya mai MB 4 ya cinye mashi kusan MB 15 kuma bai samu ba. Yana kaiwa kusan ƙarshe sai sabis ya ɗauke, manhajar ta koma farko. Sau huɗu.

Na biyun ya fi muni. Wani darasin ya nuna alamar kore, wai ya sauka, amma yana kunnawa sai Malam ya yi shiru a tsakiyar jumla, a minti na 13. Rabin fayil ne, manhajata ta ga akwai fayil mai wannan suna ta ce shi ke nan. A karatun fikihu kuwa rabin jumla haɗari ne. Malam ya ce "ya halatta" aka yanke kafin ya ce "sai dai idan".

Laifina ne duka biyun. A ɗakina da ke kusa da eriya na yi ta gwaji, ban taɓa ganin saukewa ta katse ba. Gyaran da na yi: yayin saukewa fayil na ɗauke da suna na wucin gadi, idan sabis ya yanke, manhajar ta duba bait nawa ta samu, ta ce wa uwar garke, wato kwamfutar da darussan ke ajiye a intanet, ta ci gaba daga nan, abin da HTTP ya tanada tun tuni da Range. Idan ya kammala, ta auna hatimin SHA-256 na fayil ɗin, wata lamba da ke canzawa in fayil bai cika ba, da wanda ke cikin jerin darussa. Sai sun yi daidai za a canza mashi suna a kunna kore. Don gwaji na riƙa kashe data da hannu a tsakiya, har na shiga banɗakin tsakar gida inda sabis ba ya kaiwa.

Shi ɗan Kawu ya tuna mani da 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Jibiya, wata da watanni. Ya ce, "Yaya, ka yi abin da zai yi aiki ko babu sabis ɗin sam." Na tura mashi katin N1,000 na datar da na ƙona mashi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwajin rufe ya fara da mutum 17, na ƙara biyar don ko wani zai fice. Manhajar ta fara fitowa MB 26. Na kunna R8 ya zubar da lambobin da ba a amfani da su, na mayar da hotuna WebP don su rage nauyi, na cire rubutun Larabci kala biyu da na sa don ƙawa. Yanzu MB 16, har da darasi uku na farko a ciki, don wanda ya buɗe ba data ya ji murya nan take.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gwaggo ta aiko yaro tun kafin in karya, wai in zo. Darasi 22 da na sauke mata ranar Lahadi duk sun ɓace.

"Kai ka ce in na sauke sun zama nawa. To ina suke?"

Na duba. Wayarta ta nuna mata saƙon wuri ya cika, ta danna tsintsiyar nan ta manhajar share-share, ita kuma ta kwashe duk abin da ke ma'ajiyar wucin gadi. Ni kuma a nan na ajiye darussan, don shi ne mafi sauƙi a rubuce. Wannan wuri ko ba a danna komai ba Android na da ikon share shi idan waya ta cika. Tsintsiya aikinta ta yi, ni ne na ajiye kayan daraja a bakin bola.

Na mayar da su babban fayil na manhajar kanta, wanda ba a sharewa sai an goge manhajar. Amma nan ma akwai rami: wanda ya goge ta don ya sami wurin bidiyon biki, da niyyar ya dawo da ita jibi, darussansa sun tafi tare da ita. Kuma tun daga Android 11 ba a barin manhaja ta yi rubutu duk inda ta ga dama. Hanyar da ta rage ita ce mutum ya zaɓi wuri da hannunsa, a memori ko a waya, ya ba manhajar izini. Na ƙara maɓalli: "Darussana suna memori". Idan an danna, ta duba wurin, duk fayil ɗin da hatiminsa ya yi daidai ta kunna mashi kore, ba tare da ta kwafe shi ba. Kwana uku wannan ya ci mani. Na kuma sa ta duba sauran wuri kafin saukewa. Idan bai kai MB 200 ba ta faɗa da Hausa, ba ta tsaya tsit ba.

Gwaggo ba ta huce ba sai da na yi alkawarin memori.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na sayi memori biyu a babbar kasuwa, masu rubutun GB 32, N3,500 kowanne. Na zuba wa ɗaya tsoffin MP3 ɗin nan GB 7.5 don ajiya. Ya karɓa lafiya lau, sunaye duk sun fito. Da na buɗe, na farko-farko suna yi, daga wajen GB 3.7 zuwa sama ba ko ɗaya. Na gwada shi da H2testw, manhajar auna ainihin girman memori: na GB 4 ne aka yi wa riga. Na biyun lafiyarsa ƙalau. Mai shagon ya canza mani ba gardama, ya ce shi ma a kwali ya saro. Daga yau duk memorin da zan ba wani sai na cika shi na karanta tukuna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ƙanwata ta tura wa ƙawarta manhajar daga wayarta, ta ƙi shiga. Dalili: tun Agustan 2021 sababbin manhajoji a Play da App Bundle ake ɗora su, Google ya yanka wa kowace waya guntayen da suka dace da ita. Abin da ke wayar ƙanwata ba cikakkiyar APK ɗaya ba ce. Na kusa haɗa tawa in raba, sai na tuna sa hannun zai bambanta da na Play, wanda ya karɓe ta ba zai iya sabuntawa daga can ba. A cikin Play Console akwai inda ake sauke cikakkiyar APK mai sa hannun Google. Ita na ɗauko, MB 19, na sa ta cikin memori tare da darussa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kwana 14 sun cika jiya. Na cike tambayoyin neman fitarwa. An gama kaset bakwai ɗin. Kuɗin data ya tashi kamar yadda aka ce.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na kai memori wurin wani mai tura fina-finai da wa'azi a waya, wajen Ƙofar Ƙaura, in ji ko zai riƙa zuba wa mutane. Ya karɓe ni da mutunci da ya ji ko jikan wane ne. Ya zare memorin ya sa a 'yar rediyon nan mai caji da dattawa ke ratayawa. Shiru. Ya sa a ƙaramar waya mai maɓalli. Shiru.

Ya ce, "Malam, masu neman irin wannan karatun rabinsu da wannan suke ji. In ba MP3 ba ce, ba su san ta ba."

Wata ɗaya da rabi ina gudun MP3, ga ni na dawo gare ta. Ban yi musu ba, don Kawu kansa rediyon yake ratayawa, a gabana, kuma ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Na fitar da kashi na biyu daga fayilolin Yaya na asali, ba daga Opus ba, kada a yi matsa ta uku. A 32 kbps MP3 ba ta kai Opus mai 24 daɗin ji ba, sin da sadi suka sake rikicewa. A 48 Kawu ya yarda. MB 21.6 a awa, duka GB 2.55, ya shiga memori mai GB 4 har da saura.

Ya ƙara mani wata dabara da ba ta cikin kowane bayani da na karanta: in fara sunan kowane fayil da lamba mai gida uku, 001, 002, kuma in zuba su a memori bi da bi, don wasu rediyoyin da jerin da aka zuba suke bi, ba da suna ba. Kuma kada in sa ƙ da ɗ a sunan fayil, akwatuna suke fitowa a ƙaramin allo. Wannan ta yi mani ciwo, amma na bi. A cikin manhajar dai sunayen suna nan da ƙugiyarsu. Mai turin zai riƙa karɓar N200 na turi, ni ba na karɓar komai.

Talata, 25 ga Fabrairu

An amince, manhajar ta fito a Play. Na kai wa Gwaggo memorinta, na sa mata da hannuna, darasi 354 duk kore, MB ɗinta na waya ba a taɓa ba. Ta kunna na 118, inda ake cewa yaro ya sauka daga katanga, ta maimaita sau uku.

Abin da na kashe zuwa yau: rajista N40,500, data N14,000, mai N9,400, memori shida N19,500, gyaran rikoda da waya N2,700. Jimla N86,100. Yaya ya ɗauki rabi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An sanar da ganin wata, gobe azumi. Mai turi ya ce mutum 23 suka karɓa zuwa yammacin nan, 15 daga cikinsu MP3. Ta Play mutum 31, yawancinsu 'yan gwaji ne.

Bayan salla: sake ɗaukar sauran kaset 87 zuwa WAV, biyu a rana, ina buƙatar faifan ajiya na waje, maɓallin da zai share darasin da aka gama ji idan mutum ya yarda, manhajar ta riƙa tuna inda aka tsaya ko an kashe waya. Kawu ya kira bayan isha'i, ya ce darasi na 212 da na 213 sunayensu sun musanya, babin taimama ya fito da sunan babin wanka. Jerin sunayen a uwar garke yake, gyaran minti biyu ne, amma memorin da suka riga suka fita sai dai a bi su ɗaya-ɗaya. Zan fara da na Gwaggo bayan sahur.